Ko ka sani? Motar da ake kwana a cikinta, a cikin guzurinta ruwa ne ya fi nauyi

Akwai wata irin mota da Turawa ke tafiyar yawon buɗe ido da ita, mota mai ɗaki. A bayan direba akwai gado, da ɗan madafi mai tukunyar gas, da firji, da makewayi. A 1951 kamfanin Westfalia na Jamus ya fara gyara ƙananan motocin bas na Volkswagen suna zama wurin kwana, kamfanin Winnebago na Amurka kuma ya fito da tasa a 1966. Da za a shigo da ɗaya lungunan Kumbiya-Kumbiya a Gombe, wayoyin lantarki ne za su fara tare ta, domin tsayinta kan kai mita 3.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yadda nauyi ke mulkin wannan mota. A Turai lasin na gama-gari bai yarda mutum ya ja abin da ya wuce kilo 3,500 ba, saboda haka akasari a wannan ma'auni ake ƙera su. Gangar jiki da katako da tankuna sun riga sun cinye mafi yawan kilon, ɗan abin da ya saura shi za a raba tsakanin mutane da guzuri da ruwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Mu nan Gombe, ranar da famfon Dadin Kowa ya ɗauke, kowa ya san yadda ɗan ga-ruwa ke jiƙewa da gumi kafin ya turo kurarsa ƙofar gida. Jarka huɗu masu lita 25 kacal sun kai kilo 100, kuma iyali mai alwala sau biyar da wanka da girki ba za su kwana uku da su ba. Shi ya sa ƙwararren matafiyi ba ya cika tanki fal sai zai ratsa inda babu rijiya. Ruwan wanke-wanke yana da tankinsa, bayan gida ma da nasa, kowanne sai an nemi inda ya dace a zubar. Ban ga dalilin da baƙo zai tsiyaye ƙazantarsa a bakin gonar mutane ya wuce ba.

Batir biyu gare ta: ɗaya na tayar da inji, ɗaya na fitila da fanka da firji, wanda farantin sola na kan rufi ke cikawa. An raba su ne don kada fanka ta kwana tana juyawa a zafin Afrilu, da asuba mota ta ƙi tashi. Gawayi kuwa kada a kuskura a hura shi a ciki da taga a rufe. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, cikin barci take kashe mutum.

Kwana a mota ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kafin jirgin sama ya yawaita, alhazai kan bi manyan motoci ta Maiduguri, su ƙetara Fort Lamy, wadda ake kira N'Djamena yanzu, su wuce Abeche har El Obeid a Sudan, su hau jirgin ƙasa zuwa bakin Bahar Maliya. Wani dattijo a unguwarmu ya sha ba mu labarin yadda aka ɗaura masa buta da tabarma da garin gero da busasshiyar kuɓewa, aka ɗinke kuɗinsa cikin ɗamara. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya toshe wannan hanya. Amma a 2024 wata 'yar Najeriya, Pelumi Nubi, ta tuƙo ƙaramar Peugeot 107 ita kaɗai daga Landan zuwa Legas ta Maroko da Muritaniya da Senegal, kuma ta gyara cikin motar ta yadda za ta iya kwana a ciki.

A kan iyaka, motar ma sai da nata takardu. Ban da fasfo da biza da katin rigakafin shawara, direba zai nemi lasin ƙasa da ƙasa. Inshorar ECOWAS, wadda aka kafa a Kwatano a 1982, tana aiki a Binin da Togo da Gana, amma mutumin Gombe da ya bi ta Numan da Yola zuwa Garwa ya shiga Kamaru, can kuma katin inshorar ƙasashen Afirka ta Tsakiya ake karɓa. Wasu ƙasashen suna neman takardar da ake kira Carnet de Passages, wato jingina ga kwastan cewa ba sayar da motar aka zo yi ba. Duk tambarin shiga sai da na fita, in aka rasa ɗaya kuɗin jinginar na iya maƙalewa.

Sauran aikin na makanike ne: safayar taya biyu, jak mai ɗaukar nauyinta, fanbel, matatar mai, da duba lagireto da birki. A ɗora ta a sikeli bayan an gama lodi, da mutanen a ciki da ruwan a tanki.