Keke ya lotsa mota: daga titin Sandamu zuwa Landan, wa ke biyan bakanike?

Duk wanda ya saba bin titin da ya taso daga Kano, ya ratsa Kazaure da Sandamu ya shiga Daura, ya san yadda yake cika ranar Lahadi, ranar kasuwar Mai'aduwa. Ga manyan motocin shanu, ga motocin haya, ga 'yan acaɓa, sannan a gefen kwalta ga masu keke, wani da damin kara a baya, wani da jarkoki biyu suna rinjayarsa hagu da dama. Idan tsautsayi ya gifta, mai keke ya faɗo titi bai duba ba ya daki ƙofar wata mota, abin da zai biyo baya kowa ya haddace shi. Kafin direba ya fito jama'a sun taru. Ba mai kallon ƙofar da ta lotsa. Mai keken za a fara ɗagawa, a kakkaɓe masa riga, a ce, "Sannu Baba, ba ka ji ciwo ba?" Sai wani dattijo ya juyo wajen mai motar: "Alhaji, a yi haƙuri, tsautsayi ne. Allah ya kiyaye gaba."

Sau tari Alhajin ne ma zai sa hannu a aljihu ya ba da kuɗin miƙar da ƙafar keken da ta lanƙwashe, sannan ya ja motarsa zuwa gareji a Daura ya biya kuɗin bugu da fenti.

Fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu bai ce haka ba. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ta ɗora lamunin abin da dabba ta tattake a kan mahayinta da mai janta da mai kora ta, kuma a wurin malaman Malikiyya wanda ya ɓata dukiyar wani zai biya, da gangan ya yi ko bisa kuskure. Keke kuwa jakin zamani ne. Amma abin da ke aiki a bakin titi shi ne al'adar nan ta babba juji ne. Mai motar da ya kafe sai talaka mai damin kara ya biya shi kuɗin ƙofa, kafin la'asar garin ya ɗauka cewa ba shi da imani. Kuma ko da ya kafe ɗin, da me mutumin zai biya?

Takardar inshorar da ke cikin motar ma ba za ta fisshe shi ba. Tun 1945 Najeriya ke da dokar da ta wajabta wa masu ababen hawa masu inji inshorar da direbobi ke kira tad-fati. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiya zuwa naira miliyan 3, sannan daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka shiga tsananta bincikenta a kan hanya. Sai dai wannan takarda ɓarnar da mai mota ya yi wa wani take biya, ba ta gyara tasa motar. Keke kuwa ba ya cikin lissafin sam.

Da wannan tarbiyya Bahaushe ke sauka a Landan ko Manchesta, ɗalibi ne shi, ko ma'aikacin asibiti, ko direban tasi. Abin da zai ba shi mamaki shi ne a kan wannan gaɓa dokar Ingila da ta gida jirgi ɗaya ya kwaso su. Dokar hanya ta 1988 ababen hawa masu inji ta wajabta wa inshora. Mai keke ba ya buƙatar lasisi, ba ya da lamba, ba wanda zai tambaye shi takarda. Akwai wani asusu mai suna Motor Insurers' Bureau, wanda kamfanonin inshora suka kafa a 1946 domin biyan waɗanda direba marar inshora ya yi wa ɓarna, amma keken da ake tuƙawa da ƙafa ba ya cikin hurumin wannan asusu.

A ɗauki misalin ɗan ƙasar Daura da ke tasi a Landan. Ya tsaya a danja, wani mai keke ya kutso tsakanin motoci, kan keken ya fizge madubin gefe ya ja wa ƙofa dogon zane. Mai keken ya waiwayo ya ɗaga hannu alamar ban haƙuri. Shi kuma bakinsa ya riga tunaninsa, ya ce ba komai, ya yi masa alamar ya wuce. Danja ta ba da hannu, mutumin ya ɓace cikin cunkoso. Sai a gareji zai gane cewa madubin motar zamani ba gilashi ne kawai ba, a cikinsa akwai fitilar sigina da na'urar ɗumama shi da mai hango motar da ke gefe, wani har da kyamara, kuɗinsa kuma ɗaruruwan fam ne kafin a zo maganar fenti. Ya kira kamfanin inshorarsa, tambayar farko ita ce sunan mai keken da adireshinsa. Babu. Hoto fa? Babu. Shaida? Fasinjan ya sauka tuni.

Idan babbar inshora yake da ita, mai gyara har motar mai ita, kamfani zai gyara. Amma akwai kason farko da yarjejeniya ta ce daga aljihunsa zai fito, kuma tunda kamfanin bai sami wanda zai bi bashin kuɗinsa ba, za a rubuta haɗarin a kansa tamkar shi ne mai laifi. Rangwamen da ya tara na shekarun da bai nemi diyya ba zai iya zaftarewa, kuɗin inshorar baɗi ya hau. Ga kwanakin da motar za ta yi a gareji ba aiki. Wannan "ba komai" ɗin da ya furta a danja, a ƙarshe wani tsoho ne a ƙauyen Sandamu zai ji shi a jikinsa, ranar da aka ce masa kuɗin takin bana zai ɗan yi jinkiri.

Alhali doka ta ba shi abin riƙo, da ya sani. Sashe na 168 na dokar 1988 ya ce mai keken da ake zargi da tuƙin ganganci ko na sakaci, idan wanda ke da dalili ya nemi sunansa da adireshinsa ya ƙi bayarwa, ko ya ba da na ƙarya, ya yi laifi. Tsofaffin direbobin tasi shi ya sa ba sa rabuwa da 'yar kyamarar nan da ake maƙalawa a gilashin gaba, kuma kafin su ce uffan sun ɗauki hoton keken da motar da wurin. Akwai kuma abin da da yawa ba su sani ba, har su masu keken: wanda ya rantse ba shi da inshora sau da yawa yana da ita a ɓoye. Inshorar kayan gida a Birtaniya kan haɗa da biyan ɓarnar da mutum ya yi wa wani a waje. Ɗan ƙungiyar Cycling UK yana da kariya har ta fam miliyan 10 cikin kuɗin rajistarsa. Idan kuwa akwai jakar kai abinci a bayansa, sai a tambayi kamfanin da yake yi wa aiki, domin irin su Deliveroo suna yi wa masu kekensu inshora a lokacin da suke bakin aiki.

In duk wannan bai samu ba, sai mutumin da kansa. Ana fara rubuta masa wasiƙa, a haɗa da takardar kuɗin gyara daga gareji, a ba shi wa'adi, galibi mako biyu. Ya yi shiru, sai kotun ƙananan ƙararraki, wadda a Ingila da Wales take sauraron abin da bai wuce fam 10,000 ba. Ana shigar da ƙara ta intanet, ba sai da lauya ba. Kuɗin shigarwa fam 50 ne idan abin da ake bi ya haura 300 bai wuce 500 ba, fam 70 daga nan zuwa 1,000. Mai mota yana da shekara shida kafin damar ta kuɓuce masa. Abin da zai burge mutumin Daura shi ne tun watan Mayun 2024, a mafi yawan ƙananan ƙararraki, sai an bi ta sulhu kafin a ga alƙali: mai shiga tsakani zai kira ɓangarorin biyu ta waya, na kimanin awa guda, kyauta. Zaman zauren mai unguwa ke nan, illa dai abin da aka amince da shi ana rubuta shi, kuma yana ɗaure kowa.

Samun hukunci daban, ganin kuɗi a hannu daban. Wanda bai biya cikin wata guda ba sunansa zai zauna shekara shida a rajistar masu taurin bashi, abin da zai wahalar masa da samun rance ko hayar gida, kuma wannan tsoron ne ke sa wasu su biya. Amma wanda ba shi da albashin da za a yanka, ba shi da kayan da za a kwashe, to an dawo kan tambayar titin Sandamu. Sannan mai mota ya binciki kansa tukuna. Tun 29 ga Janairun 2022 ƙa'idojin hanya na Birtaniya suka fito fili suka ce wanda abin hawansa ya fi iya yin illa shi ya fi ɗaukar nauyin kiyayewa. Idan buɗe ƙofa ya yi bai duba ba keke ya afka mata, shi ne mai laifi, kuma diyyar karayar kafaɗa ta ninka kuɗin fenti sau da yawa. Wani garin neman gira sai ya rasa ido.

Akwai wata ƙofa da kekunan lantarki suka buɗe. Wanda ƙarfin injinsa bai wuce wat 250 ba, kuma injin ke daina taimako a gudun kilomita 25 cikin awa, keke ne a idon doka. Wanda aka yi wa ƙari ya zarce haka ya zama babur, inshora ta wajaba a kansa, don haka wanda ya yi wa ɓarna zai iya tunkarar wancan asusu na 1946.

A tsallaken ruwa kuma, inda Hausawan Nijar suka fi yawa, sai ka ce wani ya leƙo al'adarmu ya mai da ita doka. A Faransa dokar Badinter ta 5 ga Yulin 1985 ta ce idan mota ta haɗu da mai keke ko mai tafiya a ƙasa, inshorar motar ce za ta biya raunin jikinsa ko da shi ne ya yi kuskure, sai fa in kuskuren ya kai wanda ba shi da uzuri kuma shi kaɗai ya jawo haɗarin. A Holan mai mota na ɗaukar aƙalla rabin asarar mai keke a mafi yawan lokuta, in kuwa yaro ne ƙasa da shekara 14, duka. Babba juji ne a can ma, sai dai jujin kamfani ne mai asusu, ba aljihun Alhaji ba. Lotsewar motar kuma ana bin ta a kan inshorar gida ta mai keken, wadda a Faransa kusan duk mai haya yake da ita.

Duk wannan lissafin mai mota ne. Amma a ƙasashen nan sau da yawa Bahaushe a kan sirdin keke yake, ba a bayan sitiyari ba, musamman sabon zuwa da ɗalibi, kuma shi ne ya fi zama cikin haɗari. A 2015, kusa da gadar London Bridge, wani mai keke ya yi karo da wata mata da ta shigo titi tana kallon wayarta. Danja shi ta ba hannu, ya yi mata hon, ya yi ihu, duka biyun suka faɗi sumammu. A 2019 kotu ta raba laifi biyu, ta ce ya biya ta fam 4,000 da 'yan kai. Wannan mai sauƙi ne. Lauyoyinta suka kawo lissafin ɗawainiyar shari'a na kusan fam 100,000, shi kuma ba shi da inshora, sai da jama'a suka yi masa karo-karo a intanet. A Japan kuwa, a 2013 wata kotu a birnin Kobe ta umarci mahaifiyar wani yaro ɗan firamare ta biya kusan yen miliyan 95 saboda ɗanta ya buge wata dattijuwa da keke ta kasa farfaɗowa. Bayan haka ne lardin Hyogo ya wajabta inshorar keke a 2015, Tokyo ta bi sahu a 2020.

Da yawa daga cikin namu suna ɗari-ɗari da inshora saboda shubuhar riba da rashin tabbas da malamai suka yi magana a kai. A gida an sami mafita tun da aka ba kamfanonin takaful irin su Noor da Jaiz lasisi a 2016. A waje kuwa, mai keken da ya biya kuɗin shiga ƙungiyar masu keke na shekara ya sami kariyar a matsayinsa na ɗan ƙungiya, kuma kuɗin bai kai na madubi ɗaya ba.

Masu dawowa hutu kan zo da sabuwar ɗabi'ar, kuma kallonsu a kan titin gida akwai daɗi. Mutum ya zo Sallar Gani a Daura, ya ari motar ƙaninsa, a daidai Sandamu wani yaro a kan keken babansa ya goge masa bamba. Nan take ya fito da waya yana ɗaukar hoto ta gaba da ta baya, yana tambayar yaron cikakken suna da adireshi. Jama'a suka tsaya suna kallonsa, har wani mai shayi ya kasa haƙuri.

"Adireshin me kuma, Alhaji? Ai ɗan gidan liman ne, ga ƙofar gidansu can. In kana so a kira maka uban, sai a kira shi. Amma ka san dai abin da zai ce maka."