Kyandir Mai Koriyar Wuta: Abin Da Gwajinmu Ya Koya Mana

A wani bidiyo da ke yawo a wayoyi muka ga kyandir yana ci da koriyar wuta, wani kuma da ja. Sai muka ce bari mu gwada. Muka shiga Kasuwar Sabon Gari muka sayo kyandir da lagwani da kalar zane ta yara, muka dawo Fagge muka narkar da su a gwangwanin tumatir da muka tsoma cikin tafasasshen ruwa. Kyandir ya fito kore shar. Amma da muka ƙyasta ashana, wutarsa rawaya ce kamar kullum. Muka barbaɗa gishiri a na biyu, ya yi ta tartsatsi kawai.

Ashe launin jikin kyandir daban, launin wutarsa daban. Idan kaki yana ci, yakan fitar da ƙananan ƙwayoyin baƙin hayaƙi, zafi ya sa su haske rawaya. Wannan hasken yana da ƙarfin da yake danne duk wani launi. Ga shi kuma gishiri ba ya narkewa a cikin kaki, balle lagwani ya zuƙe shi. Shi ya sa masana'antu ke amfani da wani makamashi na musamman mai ci ba hayaƙi.

Sirrin launin yana cikin sinadaran ƙarfe. Sodiyam da ke cikin gishiri da kanwa yana ba da rawaya, shi ne abin da kuke gani idan miya ta zubo kan murhun gas. Jan ƙarfe yana ba da kore, kamar yadda ake gani inda 'yan jari-bola ke ƙona waya, kodayake hayaƙin nan guba ne. Fotasiyam yana ba da ruwan shanshanbale, kalsiyam kuma ja irin na jan bulo. Da nazarin irin wannan haske ne Robert Bunsen da Gustav Kirchhoff suka gano sabbin sinadarai biyu a Jamus, siziyam a 1860 da rubidiyam a 1861. Murhun Bunsen na ɗakin gwajinku sunansa ya ci.

Wasu bidiyoyin kan ce a zuba sifirit a kunna. Kada ku kuskura. Da rana da ƙyar ake ganin wutarsa, kuma tana iya bin ruwan ta koma cikin kwalba. Mutanen Kano ba su manta da gobarar da ta lashe dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ba.

Mai son ganin launukan nan ya roƙi malamin kemistiri ya nuna wa aji gwajin harshen wuta. Da siririyar waya da ɗan gishirin jan ƙarfe za ku ga koren da muka nema muka rasa. Ku riƙe launukan da kyau, domin sukan fito a jarrabawar WAEC da NECO.