Amanar Asibiti: Rufin Asirin Samari da 'Yan Mata

Wannan bayani an yi shi ne domin iyayen ƙasa da hakimai da magatakardansu na ƙasar Shagari da Bodinga, don su fahimci abin da ke hana yara masu tasowa zuwa asibiti, su kuma fahimtar da jama'arsu.

Abin da Jama'a ke Cewa

Ra'ayin mutane a kan wannan al'amari ya rabu biyu. Iyaye da yawa suna cewa yaro ba shi da asirin da ya wuce ubansa, kuma in malamin asibiti ya rufa masa, to, ya buɗe masa ƙofar lalacewa. Su kuwa yaran, abin da suke tsoro daban ne. A gari kamar Shagari kowa ya san kowa, malamin asibiti ma maƙwabci ne. Saurayin da ya kamu da ciwon sanyi yana gudun kada labari ya riga shi isa gida. Amarya 'yar shekara 16 mai cikin fari, ga kunya, ga tsoron kada kishiya ta ji kafin uwarta, sai ta ƙi zuwa awo.

Abin da Jinkiri ke Jawowa

Ciwon sanyi in ya daɗe ba magani yana iya hana haihuwa. Tunjere yakan bi uwa ya kama ɗa tun yana ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, na fari kuwa cikin mako 12 na farko. Yarinyar da ta ɓoye ciki har naƙuda ta yi tsawo, ita ce sau da yawa ake kaiwa Asibitin Maryam Abacha a Sakkwato da yoyon fitsari. Rigakafi ya fi magani, amma fa mai tsoron tonon asiri ba ya zuwa rigakafi.

Abin da Doka ta Ce

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 26, ta ce duk labarin majiyyaci asiri ne. Ba a bayyana shi sai in shi ya yarda a rubuce, ko kotu ko wata doka ta umurta, ko rufewar za ta jawo wa jama'a babban hatsari. In kuwa yaro ne ƙarami, ana iya gaya wa mahaifi ko waliyyi in ya nema. Watau doka ba ta ture iyaye ba. Waɗanda ta rufe wa ƙofa su ne maƙwabta da abokai da 'yan zaman kasuwa, har da shi kansa uban ƙasa.

Abin da Ake Roƙon Shugabanni

1. Kada uban ƙasa ko magatakardansa ya nemi a nuna masa littafin sunayen majiyyata, ko ya aika a tambayo masa ciwon wani.
2. In ƙara ta zo cewa ma'aikacin asibiti ya yi da wani, a kai maganar ga shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, kada a yi ta a zaure gaban taro.
3. A taimaka a sami ɗaki mai ƙyaure inda za a ga majiyyaci shi kaɗai.
4. A yi wa iyaye nasiha su sassauta, don yaran su riƙa kawo musu damuwarsu da kansu. Ma'aikacin kirki kullum yakan lallashi yaro ya sanar da uwa ko goggo.

Magabata sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ran da yara suka tabbata maganarsu ba za ta fita daga ɗakin magani ba, ran nan za su zo tun ciwo bai yi ƙarfi ba. Allah ya rufa mana asiri, amin.