Alkyabba: Asalin Sunan da Matsayin Suturar

A Narayi da Barnawa, kudu da Kogin Kaduna, yanzu ba abin mamaki ba ne a ga amarya ta fito ranar buɗar kai lulluɓe da alkyabba. A da kuwa, sai sarki ko hakimi ko babban limami ake gani da ita. Da yawa cikin masu sanya ta a yau sun ɗauka sunan Bahaushe ne tun fil azal, alhali baƙo ne da ya zama ɗan gari.

Kalmar ta fito daga Larabci, wato "al-ƙaba'u", sunan doguwar riga mai buɗaɗɗen gaba da ake ɗorawa a kan sauran tufafi. Bahaushe ya haɗiye harafin "al" ya mayar da shi jikin kalmar, kamar yadda ya yi wa alƙalami da albasa da aljihu. Haka ma alharini, zaren silikin da ake yi wa alkyabba ado da shi, sunansa daga "al-harir" yake.

Sunan ya biyo kayan ne. Fataken Arewacin Afirka, irin na Gadamas da Tarabulus, su ne suka riƙa ƙetaro Sahara da irin wannan sutura zuwa Katsina da kasuwar Kurmi ta Kano. Tsadarta ta sa ta tsaya a hannun masu mulki, har ta zama alamar naɗi: idan sarki ya naɗa wa mutum rawani, aka yafa masa alkyabba, sarauta ta tabbata. Ana sanya ta a kan babbar riga, kuma tana da ƙoƙuwa da ake rufe kai da ita.

Kaduna ta ga alkyabbu a taruka biyu da ba a mantawa: hawan daba na zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, da na bikin FESTAC a 1977, inda sarakunan Arewa suka hallara bisa dawakai.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan tarihi ba. A da, manyan ƙasar Hungari suna da kayan fita taro da suke kira díszmagyar, ma'ana adon Hungari, waɗanda suka sanya wajen naɗin sarakunansu a 1867 da 1916. Duk da wannan suna, rigar ciki ta kayan, dolmány, daga Turkanci aka aro sunanta.

Aro ba ya rage wa sutura daraja. Abin da ke rage ta shi ne a manta da abin da take nufi. Don haka iyayen amare da maɗinka su riƙa gaya wa yara cewa alkyabba tufar girma ce, mai sanya ta kuma ana sa ran ya yi tafiya da magana irin ta manya.