Lambar da ke jikin littafi a laburare: Me take nufi?

Ɗalibi zai shiga laburare ya yi sa'a guda yana zagaya kantoci, ya fito yana cewa babu littafin da yake nema. Sau da yawa littafin yana nan. Bai dai san yadda ake karanta 'yar takardar da aka manna a gefen littafin ba ne.

Lambar da ke kan takardar adireshin littafi ce. Tsarin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda wani Ba'amurke, Melvil Dewey, ya fitar a 1876. Ya kasa ilimi gida goma, daga 000 zuwa 999. Addini yana 200, harsuna 400, kimiyya 500, adabi 800, tarihi 900. Kowane gida kuma yana da ɗakuna: likitanci 610, noma 630.

Duk lambar da aka ƙara, ana matsowa ne kusa da abin da ake nema. Tarihin Afirka 960 ne, na Afirka ta Yamma 966, na Najeriya kuwa 966.9. Wanda ya riƙe wannan lamba kaɗai zai tarar da littattafan tarihin ƙasar jere wuri guda, har da waɗanda bai taɓa jin sunansu ba. A nan kanta ta fi binciken waya daɗi.

Sai dai tsarin bai rabu da idon mai shi ba. Daga 220 zuwa 280 duk na Kiristanci ne, sauran addinai kuma aka tattara su a 290. Musulunci, da tafsirinsa da hadisinsa, ya samu lamba ɗaya: 297. Shi ya sa a laburaren da littattafan addini suka yi yawa za ka ga lambobi sun yi tsawo bayan ɗigo.

Manyan jami'o'i da dama sun fi amfani da tsarin laburaren majalisar dokokin Amurka, mai haɗa haruffa da lambobi. A can Musulunci yana ƙarƙashin BP.

Ko wane tsari ne, fara da akwatin katuna ko kwamfutar bincike, ka nemi sunan marubuci ko na littafi, ka rubuta lambar gaba ɗaya kafin ka nufi kanta. Idan ka gama karatu kuma, bar littafin a kan tebur. Ma'aikata sun fi son haka, domin littafin da aka soke a gurbin da ba nasa ba yana iya shekara ba a gan shi ba, alhali yana cikin ginin.