Ƙusoshin Tiyata a Mahaɗar Wuya da Gadon Baya

Ƙashin wuyan ɗan Adam gaɓoɓi 7 ne, daga ƙarƙashinsu kuma gaɓoɓi 12 na gadon baya suke somawa, waɗanda haƙarƙari ya riƙe su har ba sa motsi sosai. Wurin da gaɓa ta 7 ta wuya ta haɗu da gaɓar farko ta gadon baya, wanda likitoci ke kira C7 da T1, shi ne inda sashe mai lanƙwasuwa ya ci karo da sashe mai tauri, don haka haɗarin mota, ko tarin fuka da ya shiga ƙashi, ko ciwon daji, kan iya gurɓata zamansa har laka ta shiga haɗari.

Domin a daidaita wurin, ana ɗaura ƙusoshi masu murɗi na ƙarfen titaniyam, kaurinsu kimanin milimita 3.5, sannan a haɗa kawunansu da sanduna biyu. Likitan Faransa Roy-Camille ne ya yaɗa hanyar kafa ƙusa a dunƙulen ƙashin da ke gefen kowace gaɓa, daga baya Magerl na Siwizalan ya karkatar da bakin ƙusar sama da waje domin ta kauce wa jijiyoyi. Sai dai a gaɓa ta 7 wannan dunƙule siriri ne, ba ya ba ƙusa riƙo mai ƙarfi.

Saboda haka ne da yawa suka fi son hanyar da Abumi na Japan ya bayyana a 1994, wato a bi ta ƙuntatacciyar gadar ƙashi da ke haɗa bayan gaɓa da gangar jikinta. Riƙonta ya fi ƙarfi, kuma a gaɓa ta 7 haɗarinta ya ragu, domin jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta cikin ƙashin wuya yawanci daga gaɓa ta 6 take shiga raminta. Duk da haka kuskuren 'yan milimita na iya taɓa jijiyar da ke sarrafa yatsun hannu, ga shi kuma kafaɗu na tare hoton ƙashi na yau da kullum, abin da ya sa hoton siti sikan kafin aiki ya zama wajibi ga duk likita mai hankali.

Ƙusoshin riƙo ne na wucin gadi, domin ainihin waraka tana zuwa ne idan dashen ƙashin da ake shimfiɗawa a wurin yayin aikin ya haɗe gaɓoɓin cikin watanni, kuma shan taba na daga cikin abubuwan da ke hana wannan haɗewa.