Lahanin Cip ɗin Hoto na Nvidia a 2008: Musabbabi, Garanti da Rabon Diyya

A ranar 2 ga Yulin 2008 kamfanin Nvidia, wanda hedikwatarsa ke Santa Clara a jihar Kalifoniya, ya sanar da hukumar SEC mai sa ido kan hada-hadar hannun jari a Amurka cewa wasu daga cikin cip ɗin hoto da ya sayar wa masu ƙera kwamfutar tafi-da-gidanka suna mutuwa fiye da yadda aka saba. Ya ce zai ware dala miliyan 150 zuwa 200 don gyara da musanya. A sanarwar ya kuma rage hasashen cinikinsa na wannan zango na wata uku, washegari darajar hannun jarinsa ta faɗi da kusan kashi 30 cikin ɗari. Daga nan aka shiga taƙaddamar da ta ɗauki shekaru tsakanin Nvidia, kamfanonin HP da Dell da Apple, da ɗimbin mutanen da kwamfutocinsu suka mutu a hannunsu.

Cip ɗin hoto shi ne ɓangaren da ke sarrafa duk abin da ake gani a sikirin, daga rubutu zuwa bidiyo. A kwamfutar tebur sau da yawa yana kan kati na daban da za a iya zarewa a sa wani. A yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka kuwa manne yake da babban allon na'urar, wanda masu gyara ke kira bod. Idan ya mutu, bod ɗin gaba ɗaya ake canzawa, kuma kuɗin hakan kan kai wani kaso mai tsoka na farashin sabuwar kwamfuta. Cip ɗin da abin ya fi shafa su ne G84 da G86, waɗanda aka sayar da sunan GeForce 8600M da 8400M, tare da wasu na zuriyar da ta gabace su. Suna cikin HP Pavilion dv2000 da dv6000 da dv9000 da tx1000, da wasu Compaq Presario, da Dell Latitude D630 da XPS M1330 da M1530 da Inspiron 1420, da kuma MacBook Pro mai inci 15 da mai inci 17.

Inda lahanin yake

Ainihin ƙwayar silikon ba ta da laifi. Matsalar tana wurin da aka haɗa ta da ɗan faifan da ke ɗauke da ita. Ana kifa ƙwayar a kan faifan, tsakaninsu akwai ɗaruruwan ƙananan ɗigon dalma da lantarki da bayanai ke bi, sannan a cike ratar da wani irin gam mai tauri. Silikon da faifan ba sa buɗewa daidai da juna idan sun yi zafi, faifan ya fi miƙewa. Aikin gam ɗin shi ne ya ɗauke wa ɗigon dalmar wannan jan. Idan gam ɗin ya yi laushi a yanayin zafin da cip ɗin ke kaiwa yana aiki, nauyin duka sai ya koma kan dalmar. Kowace kunnawa da kashewa tana ɗan motsa ta, kamar wayar ƙarfe da ake lanƙwasawa gaba da baya har ta karye. Wata rana sai tsaga ta bayyana, hanyar lantarki ta yanke.

Ɗan jarida Charlie Demerjian, wanda a lokacin yake rubutu a jaridar fasaha ta The Inquirer, shi ya fi kowa bin diddigin lamarin. Ya dage cewa nau'in dalmar da gam ɗin da aka zaɓa ba su dace da zafin cip ɗin ba, kuma lahanin ya game dukkan G84 da G86. Nvidia ta tsaya a kan cewa wasu samfuran kwamfuta ne kawai abin ya shafa, ta kuma ambaci abubuwa uku a matsayin musabbabi: raunin kayan haɗin, yadda masu ƙera kwamfuta suka tsara fitar da zafi, da yadda mutane ke amfani da na'urorinsu. Biyun ƙarshe suna da ƙanshin gaskiya, domin kwamfutocin wancan zamani ana ta rage musu kauri, fankarsu ƙarama ce, kuma na'urar da ake rufewa a buɗe sau goma a rana ta fi ta tebur shan sauyin zafi da sanyi. Amma duk wannan shi ne aikin da aka yi kwamfutar tafi-da-gidanka dominsa. Cewa daga baya Nvidia ta sauya kayan haɗin ya nuna inda mafi yawan laifin yake.

Alamomin kusan iri ɗaya ne a ko'ina: layuka ko launuka masu rikitarwa a sikirin, hoto ya rabu gida-gida, ko kwamfuta ta kunna fitilunta suna ci fanka tana juyawa amma sikirin baƙi ƙirin. A wasu samfuran HP alamar farko ita ce ɓacewar hanyar shiga intanet mara waya, abin da ya sa mutane da yawa suka ɓata kuɗi suna gyaran abin da lafiyarsa ƙalau.

Garantin shekara ɗaya

Abin da ya mayar da wannan lahani rikici shi ne lokacin da yake bayyana. Kayan da ya zo a lalace daga masana'anta yakan nuna kansa cikin makonnin farko, a mayar da shi a karɓi wani. Wannan kuwa gajiyar ƙarfe ce, tana taruwa a hankali, kuma ga mutane da yawa sai bayan wata goma sha biyu take kai ga karya dalmar. Garantin da aka saba bayarwa a Amurka shekara ɗaya ne. Sai ya zama aibin da aka sayar da na'urar da shi tun ranar farko yana fitowa ne bayan alhakin kamfani ya ƙare a takarda.

Ga kuma rarrabuwar alhaki. Mai kwamfuta bai sayi komai a hannun Nvidia ba, cinikinsa da HP ne ko Dell ko wani kanti. Nvidia kuma masu ƙera kwamfuta take biya, ba ɗaiɗaikun jama'a ba. Kowane ɓangare yana da dalilin taƙaita jerin samfuran da zai amsa cewa suna da lahani, domin duk samfurin da aka ƙara a jerin ƙarin kuɗi ne.

Matakin farko da HP da Dell suka ɗauka shi ne fitar da sabuwar manhajar BIOS, wato manhajar da ke tafiyar da kayan cikin kwamfuta, wadda ke sa fanka ta fara juyawa da wuri, ta kuma daɗe tana juyawa. Wannan yana rage zafi, yana jinkirta karyewar dalmar, amma ba ya gyara ta, ga ƙarin ƙara da saurin cinye batir. Masu suka sun ce amfaninsa na zahiri shi ne ya tura mutuwar na'urar zuwa bayan ƙarewar garanti. Ko da ba wannan ce niyyar ba, sakamakon kenan ga waɗanda abin ya faɗa wa. Daga bisani HP ta tsawaita garantin wasu samfura zuwa wata 24, Dell kuma a watan Agustan 2008 ta ƙara wata 12 a kan wannan matsala kaɗai.

Apple ta shigo a makare amma ta fi su nisa. A watan Oktoban 2008 ta bayyana cewa Nvidia ta ba ta tabbacin kwamfutocinta ba sa ciki, sai binciken da ta yi da kanta ya nuna akasin haka a MacBook Pro masu GeForce 8600M GT da aka ƙera tsakanin kusan Mayun 2007 da Satumban 2008. Ta yi alƙawarin gyara kyauta cikin shekara biyu daga ranar saye, daga baya ta mayar da shi uku, sannan huɗu, ta kuma ce za ta mayar wa waɗanda suka riga suka biya kuɗin gyara kuɗinsu. Duk da haka an yi ta ƙorafi a kan gwajin da ake yi wa na'ura kafin a karɓe ta, domin wadda ta mutu murus ba ta iya kunnuwa balle a gwada ta. Wani ƙorafin da ya game kamfanonin uku shi ne sabon bod ɗin da ake sawa yakan zo da irin cip ɗin da ya mutu, don haka akwai waɗanda suka kai na'ura ɗaya gyara sau biyu ko uku.

Kotu da abin da ta raba

An haɗe ƙararrakin masu kwamfuta wuri ɗaya a kotun tarayya da ke San Jose, gaban alƙali James Ware. A 2010 aka yi sulhu ba tare da Nvidia ta amsa laifi ba. Masu Dell da Apple da ke cikin jerin za a canza musu cip, masu HP za a ba su wata kwamfutar, an kuma ware dala miliyan 2 don mayar wa waɗanda suka yi gyara da aljihunsu. Kuɗin lauyoyin masu ƙara dala miliyan 13 ne.

Masu HP ne suka fi jin an kwashe musu ƙafa. Yarjejeniyar ta yi maganar na'ura makamanciyar tasu a iri da daraja, amma abin da aka miƙa wa mafi yawansu shi ne Compaq Presario CQ56, ɗaya daga cikin mafi arha a kasuwar lokacin. Masu tx1000 mai sikirin da ake juyawa an ba su zaɓin ƙaramar Asus Eee PC T101MT. Hujjar da aka kafa ita ce na'ura mai arha ta 2011 ta kamo mai tsada ta 2007 a ƙarfin aiki. A lissafin injiniya maganar tana da madafa, amma wanda ya sayi kwamfuta mai inci 17 don aikin bidiyo ya karɓi mai ƙaramin sikirin ba zai ga an biya shi ba. Lauya Ted Frank, wanda ya yi suna wajen ƙalubalantar irin wannan sulhu, ya kai ƙorafinsu gaban kotun, ba a sauya komai ba. Masu hannun jari ma sun kai tasu ƙarar, suna zargin kamfanin ya san da lahanin tun kafin ya faɗa. An kore ta, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da korar a 2014.

Sulhun San Jose na waɗanda suka yi sayayya a Amurka ne kawai. A Turai doka ce ta tsaya wa mai saye, ba sai an yi ƙarar taron dangi ba. Ƙa'idar Tarayyar Turai ta 1999, wadda ke aiki a lokacin, ta ɗora wa mai sayarwa alhakin kayan da ya zo da aibi har tsawon shekara biyu aƙalla. A Ingila, a ƙarƙashin dokar sayar da kaya ta 1979 da ke aiki a lokacin, ana iya neman haƙƙi har shekara shida, kuma kantin da ya sayar ake bi, ba masana'anta ba. Sharaɗin a lokacin shi ne bayan wata shida na farko mai saye ne zai nuna cewa aibin na asali ne, abin da yakan buƙaci rahoton injiniya mai zaman kansa. A nan sanarwar da Nvidia ta yi wa SEC ta zama hujja a hannun masu saye. Ke nan mutum biyu masu kwamfuta iri ɗaya da ta mutu a wata ɗaya za su iya rabuwa, ɗaya da kuɗinsa, ɗaya da hannu wofi, bisa ƙasar da aka yanke rasit.

Gyaran bayan fage

Waɗanda ba su shiga kowane jeri ba sun koma wurin masu gyara. Dabarar da ta fi yaɗuwa ita ce a hura wa cip ɗin iska mai tsananin zafi, wasu har tanda suke saka bod ɗin. Sau da yawa na'urar takan farfaɗo, domin zafin yana sa gefunan tsagar su sake taɓa juna, sai dai bayan makonni ko 'yan watanni ta sake mutuwa. Masu kayan aiki sukan ɗaga cip ɗin su sabunta ƙwallayen dalmar da ke ƙarƙashinsa, amma waɗannan su ne ke haɗa shi da bod, alhali tsagar tana can ciki, tsakanin silikon da faifansa. Gyaran da ke ɗorewa shi ne a sa cip na sabon zubi, tare da share ƙura da sabunta man da ke kai zafi ga mashaƙar fanka.

Wannan dabara ta hura zafi ta haifar da wata illa a kasuwar kayan hannu. Na'urar da aka farfaɗo da ita tana aiki lafiya a ranar ciniki, kuma babu yadda mai saye zai gane. Tsofaffin kwamfutocin Turai da Amurka da yawa suna ƙarewa a Afirka ta Yamma, ta kasuwanni irin su Computer Village da ke Ikeja a Legas, daga can su bazu zuwa Kano da sauran birane. Mai saye a nan ba shi da rasit na asali, wa'adin kowane shirin gyara ya wuce, garantinsa ɗan kwanakin da ɗan kasuwa ya yarda ya ba shi ne. Zafin bazara da ƙurar hunturu da ke toshe fanka kuma suna gaggauta abin da dama yana tafe.

Nvidia ta cire dala miliyan 196 a zangon da ta yi sanarwar, ta sake ware wasu kuɗin a 2009 da 2010, jimillar ta doshi rabin biliyan. Ba ita kaɗai ta gamu da irin wannan a shekarun ba: a 2007 Microsoft ta ware fiye da dala biliyan 1 saboda mutuwar na'urar wasa ta Xbox 360, ta kuma mayar da garantinta shekara uku a kan wannan matsala. A ɓangaren kwamfutar tafi-da-gidanka ma abin ya maimaita kansa da wani kamfanin. MacBook Pro na 2011 masu cip ɗin AMD sun fara nuna irin waɗannan alamomi bayan shekara biyu zuwa uku da saye, aka shigar da ƙara a Oktoban 2014, sai a Fabrairun 2015 Apple ta buɗe shirin gyara kyauta, wanda daga baya ta tsawaita zuwa ƙarshen Disambar 2016.